Sunaye Huɗu a Bangon Famfo

Ni aka ba aikin rubutun,
don ni ke rubuta allon shaguna a Ƙaura,
da "Allah kiyaye hanya" a bayan motocin Shinkafi.
Sakatare ya miƙo mini takarda:
sunaye huɗu, da kuɗin fenti galan guda.

Kafin nan wata biyu aka yi ana ja-in-ja.
Ɗan kwangila ya zo da zane,
mutum-mutumin siminti riƙe da mesa.
Liman ya duba, ya mayar masa, bai ce uffan ba.
Tsohuwa Ige, uwar Mande, ta raba gardama:
"Ɗana ruwa yaka kai ma mutane.
In tuna shi za ku yi, ku ba mutane ruwa."

Sai aka haƙa burtsatse a bakin tasha,
aka ɗora tanki, aka ja bango,
aka jawo gawar motar aka ajiye gefe.
Jar nan ta koma baƙa,
tayoyi sun zama zoben waya,
ƙofar direba kamar rariya.

Mande Labbo na fara rubutawa.
Shi ya tuƙa su daren da aka ce rumbunan gero na ci.
Ashe masu kunna wutar ba gero ya dame su ba,
suna kwance a ƙarƙashin gada
suna jiran wanda zai zo kashewa.
Tankin a cike yake.
Har asuba ruwan na tsiyaya ta ramukan harsashi,
kuma bayan sati, tsakiyar rani,
ciyawa ta tsiro a wurin, kore shar.
Awaki suka cinye.

Lawali Jaɓɓi na biyu.
Ina bin sa ɗari bakwai
na allon shagon ɗinkin matarsa.
Kullum sai ya ce, "Bari a yi albashi."
Da na zo kan wasalin ƙarshe hannuna ya yi rawa,
fentin ya zubo siriri har ƙasa.
Ban goge ba.
Na yafe, Lawali, tun ranar jana'iza na yafe.

Bitrus Dudu, mutumin Zuru,
wanda ke karɓar aikin kwana ranar Sallah
don abokansa su ci nama a gida.
Matarsa ta tsaya bayana da goyo
har na gama, tana kallon kowane harafi
kamar mai lura da awon hatsi.

Na huɗu a takarda Mu'awiya Sanda ne,
wata uku da fara aiki,
rigar ma ta yi masa yawa a kafaɗa.
Ƙanwarsa ta ce, "Wa ya san shi da wanga suna?
Hantsi muka ce mai."
Na dubi takardar gwamnati, na dubi yarinyar.
Na ƙara Hantsi a ƙarshen layi.
In tara ce, a ci ni.

Akwai suna na biyar, na babban baƙon da zai yanke ƙyalle,
an ce a sa shi sama da manyan baƙaƙe.
Na sa shi ƙasa, ƙanana.
Fenti ne ya ƙare, haka na gaya wa sakatare.

Yanzu da la'asar nakan zo wanke buroshi a famfon.
'Yan garuwa na layi, direbobi na alwala,
wata 'yar aji biyu, bokiti a ka,
tana haɗa baƙi da yatsa:
"Ma... n... de."
Ba ta san shi ba. Ruwansa take ɗauka.

Na san fenti, damina biyu yake yi ya koɗe.
Ragowar galan ɗin na ƙarƙashin gadona,
na danne murfin da dutse.